Baƙo Ya Kwana

Laraba da dare, Tudun Wada

Yau na cika wa autata Ummi alkawarin dabbar kiwo. Oga Emeka mai sayar da dabbobi ya so ya sayar min da wata dabbar Turai, feret, wai ita manya ke yayi. Na duba, tunku ne kawai mai wari. Ni da na fara da dakon katako, ba mai yi min burga. Na je cibiyar binciken dabbobi ta Vom na ɗauko farin ɓeran da take so.

Hajiya ta tare ƙofa. "Alhaji, ɓera ba zai kwana gidana ba."

Na ce, "Sunansa Baƙo. Kin taɓa korar baƙo?"

Ta yi tsaki ta shige. Ɗazu na leƙa kicin, na tarar tana ɓare masa gyaɗa, tana cewa, "Ci mana, Baƙo."