Kacici-kacicin da Ya Ci Kunya Tara

Gidan Ɗinya, ta Tsanyawa
Ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanena Hashimu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kun sauka Shanono lafiya, kai da Luba da yara. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata.

Kada ka ce don me ban kira ka a waya ba. Na san halinka. Ina buɗe baki za ka kwashe da dariyar nan taka ka ce "Yaya ke nan!" A takarda ba ka da bakin katse ni, shi ya sa na ba Ɗanliti direba ya kawo maka.

Hashimu, me na yi maka? An yi maka canjin makaranta, an shirya taron sallama, an gayyaci maigidana Alhaji ya zama babban baƙo, an sa masa kujera a gaba. Wanda aka karrama godiya yake yi ya zauna. Kai kuwa sai ka zaro wannan ruɓaɓɓen littafin naka na Turawa, wai za ka bar wa mutane abin dariya. Ina bayan rumfa tare da mata, da kunnena na ji ka:

Ba ƙafa, ba rai, ga shi da tafiya,
Taku guda a shekara, babu gajiya,
Ba ya ja da baya wajen mai dukiya,
Ƙofar talaka ya nufa, dare da safiya.

Ka ce wa zai canka. Sai Gwaggo Asama'u mai daddawa, wadda ba ta tsoron kowa tun da haƙoranta suka zube, ta ɗaga murya ta ce, "Iyakar gonar Alhaji!" Wallahi har hedimasta sai da ya sunkuyar da kai yana riƙe ciki. Kai kuma da la'asar ka ɗaure kayanka a mota ka tafi abinka.

Yau kwana huɗu. Mata da baitin nan naka suke daka. Masu huɗa da shi suke kora shanu. Alhaji bai taɓa tuwona ba tun ranar. Jiya ya kira ni ya ce ni na kai maka maganar gida, da ni aka haɗa baki. Ya ce ranar Juma'a bayan an idar da salla ka tsaya a ƙofar masallaci ka rantse cewa zancen Turawa ne, bai shafe shi ba, ka ba shi haƙuri a gaban jama'a. In ba ka zo ba, in tattara kayana. Shekara ashirin da huɗu ina gidan nan, Hashimu, da 'ya'ya shida.

Ka zo. Ba roƙonka nake ba.

Yayarka,
Aina'u

*

Shanono
Litinin

Zuwa ga Yayata Hajiya Aina'u,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kina lafiya, da Alhaji Kamaru, da yara, da Innarmu. Luba na gaishe ki. Takardarki ta iso, na karanta har sau biyu.

Yaya, ki kwantar da hankalinki, a bi maganar a hankali. Littafin nan na saye shi ne a Kano wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa. Ba shi da bango, takardarsa ta yi ja don tsufa. An buga shi a Ingila fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce, tun kakan kakan Alhaji bai zo duniya ba. Abin da ke ciki raha ce ta sarakunansu da masu sarauta: baƙar maganar da wani basarake ya mayar wa wani a wurin cin abinci, 'yan baitocin tsokana a kan mai dogon hanci ko mai rowa, sai kacici-kacici. Su haka suke yi. A yi wa mutum waƙa a gabansa, ya yi dariya, ya rama da tasa, a ci gaba da cin nama. Ba wanda ke korar matarsa.

Ni fassara kawai na yi. Amsar da ke cikin littafin ita ce shingen gandun basarake. Ban kama sunan kowa ba, ban nuna kowa da yatsa ba, ko ɓangaren da Alhaji yake zaune ban kalla ba. Gwaggo Asama'u ce ta amsa, ita ya kamata a tambaya inda ta samo tata amsar. Matsalar mutanenmu ke nan, ba su yarda akwai baitin da ba habaici ba. Ko Bature ya mutu tun zamanin da, sai sun nemo masa abokin faɗa a unguwa.

Ga littafin nan na ba Ɗanliti. Tunda Rumaisa tana gida hutun kwaleji, ta buɗe shafi na ɗari da goma sha bakwai ta karanta wa mahaifinta. Idan ta sami kalma ɗaya da na ƙara, zan zo in tsaya a ƙofar masallaci. Idan babu, ban ga laifin da zan ba da haƙuri a kansa ba.

Allah ya sanyaya zukata. Ki huta lafiya.

Ƙanenki mai biyayya,
Malam Hashimu

*

Gidan Ɗinya
Talata

Hashimu,

Salamu alaikum. Muna nan yadda ka bar mu.

"Mai biyayya"! Ka ji kunya. Gidana na cin wuta kai kana ba ni darasi kamar 'yar aji uku.

Rumaisa ta karanta. Gaskiyarka, ba ka ƙara komai ba, ta ce har ka fi Baturen iya tsarawa. Ka ji daɗi? To saurara. Na sa ta ƙirga min kacici-kacicin da ke ciki, sun haura ɗari biyu. Akwai na kyandir, akwai na agogo, akwai na inuwa, akwai wani na ƙwai da ko jaririn goye zai yi wa dariya. Duk ka tsallake su. Shafin nan kaɗai ne aka naɗe wa kunne, ya yi baƙi da dattin hannu, ga fassararka da fensir a gefe, ka goge ka sake har sau uku, ga kwanan wata na shekara uku da suka wuce. Shekara uku kana wasa wuƙa, ka jira sai ranar da motarka ke tsaye a bakin makaranta. Sannan ka ce min Gwaggo Asama'u!

Na kuma sa yarinyar ta duba min abu ɗaya. Na ce to shi talakan da shinge ke bi, me ya same shi a ƙarshe? Ta juya gaba, ta juya baya, ta ce babu shi. Wani basarake ne ya faɗa wa 'yan'uwansa a kan tebur, suka yi dariya, aka shiga labarin wata mai sarauta da karenta. Ka ga mutanen da kake yaba min. Dole su yi dariya su ci gaba da cin nama, ai ba gonarsu ba ce, kuma ba 'yar'uwar ɗayansu da ke aure a bayan shingen.

Na kai wa Alhaji littafin, ko taɓa shi bai yi ba. Ya ce, "Bature ne ya buɗe shafin?" Ni ma tambayar da nake yi ke nan.

Mutumin nan duk damina shi ke aika shanunsa su yi wa Inna huɗa kyauta tun rasuwar Baba. Kai da albashinka ko buhun taki ka taɓa kai mata? In kana da magana da shi, me ya hana ka yi sallama a zaurensa kamar namiji?

Saura kwana uku. Inna ta ji, ta daina fita ko gidan suna.

Aina'u

*

Shanono
Laraba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki.

To, ni na buɗe shafin. Na zaɓe shi, na yi shekara uku ina gyara shi, kuma da za a sake taron gobe da na sake karantawa. Kin huta?

Kin ce huɗa kyauta. Kyautar ce ta ɗaure mana baki. Gonar Inna da tasa iyaka ɗaya ce. Duk shekara masu garmarsa in sun zo gefen gabas sai su tuge gambar iyaka, su ja kunya ɗaya zuwa nasa ɓangaren, su sake dasa gambar. Kunya ɗaya tak, wadda ba mai tada magana a kanta sai a ce ya cika ƙanƙanta. Shekara tara ke nan.

Kin ce ban yi sallama a zaurensa ba. Na yi, Yaya, sau biyu. Na farko ya yi dariya ya ce malaman boko da lissafi. Na biyu ya ce in ina ganin ana cutar Inna, in sayi shanu in riƙa yi mata huɗar. Na tashi zan kai wa dagaci, Inna ta riƙe min riga tana kuka, ta ce, "Ka rufa min asiri, Aina'u na gidansa." Ta sa na yi mata alkawarin ba zan kai ƙara ba, ba zan gaya miki ba. Bara geron da ta samu bai kai ta watan azumi ba. Ni na riƙa auno mata a kasuwar Tsanyawa, ta ce in ce miki na gona ne.

Saboda aurenki tsohuwar nan take cin rabin cikinta, ke kuma kina aika mata da naman Salla kina ganin kin yi zumunci. Duk garin sun sani. Kin ji yadda suka yi dariya ai. Ke kaɗai ce ba ki sani ba, ko kuwa ba ki so ki sani.

Na yarda tsoro ya sa na laɓe a bayan mataccen Bature, na kuma yarda ban yi tunanin inda abin zai faɗo miki ba. Wannan ki yafe min. Amma ba zan tsaya a ƙofar ɗakin Allah in rantse a kan ƙarya ba.

Kin tuna gawon da muke zama a ƙarƙashinsa in kin kawo wa Baba fura? A cikin gonarmu yake, ke shaida ce. Ki je ki ga inda yake yanzu.

Ki gaida Inna.

Hashimu

*

Gidan Baba
Juma'a da safe

Hashimu,

Salamu alaikum.

Na je. Na tsaya a kan gamba na ƙirga da ƙafata. Kunya tara tsakanina da gawon, duk dawarsa ce a kai.

Ban jira Juma'arsa ba. Jiya a tsakar gida, yara na tsaye, na kama sunansa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kai ni. Na ce, "Kamaru, ka ci gonar uwata." Ba waƙa, ba Bature. Bai ba ni takarda ba tukuna, bai kuma hana ni fita ba.

Ni ban yi wa Inna alkawarin komai ba, don haka daga nan gidan dagaci na wuce. Talata za a zo duba iyaka, sun ce namijin gida ya tsaya. Ka zo ka faɗa da bakinka, yana kallonka. Ban yafe maka ba.

Na shigo wurin Inna da jakata. Ta share min ɗakina na da, ta zauna a bakin ƙofa tana kuka.

Yayarka,
Aina'u