Ba Zan Sa Hannu Cewa Sakacina Ne Ba

Anti Salmatu, don Allah ki taimaka mani da shawara kafin zuciya ta sa in yi ɓarna.

Ni 'yar kwangila ce a Jibiya. Wata ƙungiyar 'yan kasuwa ta ba ni ginin ɗakin ajiyar kaya da shaguna a bakin iyaka, kan hanyar Maraɗi. Wa'adi ya cika, gini bai ƙare ba. Sun ce za su ƙara mani lokaci, amma sai na sa hannu a takarda cewa sakacina ne. In na ƙi, su karɓe aikin su ba wani. Anti, ba zan sa ba. Mata ba mu da yawa a wannan sana'a, kuma tun ranar da na samu aikin wasu ke jiran su ga na kasa. In takardar nan ta fita, ko katangar makaranta ba mai sake ba ni.

Injiniyan da ƙungiya ta sa ya duba aikin aminin marigayi mahaifina ne, Baba nake ce mashi. Mun haƙa fandisho, mun zuba kankare, sai ya zo ya ce manyan motoci ba za su samu wurin juyawa ba, a ja ginin baya. Da baki ya faɗa. Muka tsaya jiran sabon zane, muka sake haƙa. Ban rubuta komai ba. Ta yaya zan aika wa mutumin da ya raɗa mani suna takardar ƙorafi? Gida na same shi, na gaishe shi, na faɗa mashi, ya ce in kwantar da hankalina zai yi bayani. Ranar taro da 'yan ƙungiyar kuwa ƙasa ya yi ta kallo.

Ga rufe iyaka da aka yi, masu sa mani tayil 'yan Maraɗi ne, ba su samu tsallakowa ba, ko da yake lokacin ba mu kai ga rufi ba. Da ruwa ya sauka kuma na sallami leburorina na Daddara da Riko suka je shuka, don ni ba na hana mutum gonarshi. Duk dalilan nan zan haɗa in zube ma 'yan ƙungiyar, in sun ga dama mu haɗu a kotu.

Mai gini a bakin iyaka, Jibiya.

'Yar'uwa, kada ki sa hannu. Amma kada ki zube musu komai a tare, domin hujja mai rauni tana ɓata mai ƙarfi.

Mai neman ƙarin wa'adi abu biyu yake nunawa: ba shi ya jawo jinkirin ba, kuma jinkirin shi ne ya ture ranar gamawa. Rufe iyaka ba laifinki ba ne, amma ba a sa tayil a ginin da ba rufi, don haka bai tsayar da ke ba. Ki ajiye shi. Damina kuwa kowa ya san da zuwanta tun kafin a ƙulla yarjejeniya. Sallamar leburori alheri ne, amma ke kika zaɓa. Ki faɗa da bakinki, kuma in shukar ta zo daidai da zaman jiran zane, ki nuna haka.

Ƙarfinki yana wajen jan ginin baya. Komai yana jiran fandisho. Ki lissafa daga ranar da aka tsayar da ke zuwa ranar da sabon fandisho ya kai inda tsohon ya tsaya. Iyakar abin da za ki nema ke nan. Sabon zanen yana da kwanan wata, hotunan wayarki ma haka.

Ki karanta yarjejeniyar a yau. Yawanci tana sharɗanta sanarwa a rubuce cikin ƙayyadadden lokaci, kuma gaisuwa a zaure ba ta maye gurbinta. Kunya ta sa kin makara, wannan zai iya rage miki ƙarfi, don haka ki nuna wa lauya kafin ki miƙa komai. Su ma 'yan ƙungiyar ki yi musu adalci: kayansu na zube a waje, kuma mai yiwuwa ba wanda ya taɓa gaya musu dalili.

Shirun Baba ya fi kama da jin nauyi, tunda da alama shi ya amince da wurin farko. Ki je da wani babba na gidanku, ki sanar da shi za ki rubuta, ki karanta masa. Kada ki sa kalmar zargi ko ɗaya. Ki ce an sauya wurin gini bisa umarnin injiniya, ki roƙe shi ya tabbatar da hakan a rubuce.

In duk da haka sun nace sai kin ɗauki laifin gaba ɗaya, ki bar su su karɓe aikin ba da sa hannunki ba. Za ki iya ƙalubalantar hukuncinsu daga baya, amma abin da kika amsa da kanki ya zauna.

Allah ya ba ki nasara, ya bar zumuncinku da Baba.