A Ɗauko Raudatu Daga Tsibiri Kafin Jiragen Ruwa Su Tsaya

Zuwa ga Alhaji Maitama,
Shugaban Kwamitin Kula da Lafiya,
Ƙungiyar 'Yan Arewa Mazauna Kuala Lumpur.

Daga Hajiya Ɗelu,
Gidan ɗana Abdulgani, Brickfields.

14 ga Oktoba, 2024.

Game da: Rashin kula da iyalanmu da ke zaune a tsibiri

Ranka ya daɗe, bayan sallama da girmamawa. Ban yi boko mai zurfi ba, kuma na gaji da aike, shi ya sa na rubuto da hannuna.

1. Raudatu autata ce. Tana tsibirin gabas tare da mijinta Tajuddeen, mai karatun digirin ƙarshe a kan kifin teku. Cikinta na fari ya shiga wata bakwai. Asibitin wurin ɗaki biyu ne da nas, likita sai an tsallako da shi. Ita kuwa Malayancinta bai wuce na sayen burodi a kedai, wato kanti, ba.

2. Mu da ke nan birni, duk wata kuna turo mana Likita Kamila ta auna mu. Ni da ciwon gwiwa kawai ke damuna an duba ni har na ƙosa, ga asibiti ina hango shi ta taga. Na tsibiri kuwa waya kuke buga musu.

3. Ranar 22 ga Satumba sakatarenku ya buga wa Raudatu. Namiji, baƙo, kuma mijinta na zaune a gefe. Ta ce lafiya lau. A taron 6 ga Oktoba kuka sanar cewa iyalan tsibiri sun fi na birni jin daɗin jikinsu, har wani ya ce iskar teku ce. Ranka ya daɗe, a wane gida kuka taso? Wace 'yar Hausa ce za ta faɗa wa namijin da ba ta sani ba abin da ke damun cikinta na fari? Ni da na haife ta ma ba ta faɗa mini ba. Ni na koya mata wannan kunya, ban kuma ce ku maishe ta shaidar likita ba.

4. A wayar bidiyo na gani da idona. Fuska ta kumbura, zoben aurenta yana rataye a zare a wuyanta, silifas ɗin mijinta ne a ƙafarta don nata ba ya shiga. Tana magana tana dafe goshi. Na karɓi haihuwa da yawa a Ɗambatta, na san abin da ke biyo bayan wannan kumburi.

5. Da shigar Nuwamba teku ke tashi, jiragen ruwa su daina zirga-zirga, wani lokaci har Fabrairu. Haihuwarta a Disamba take. Na faɗa wa sakatare a bakin masallacin Jamek, ya ce in sha Allahu. Na sake faɗa, ya ce ai sun ji daga bakinta.

Don haka ina roƙon kwamiti, cikin ladabi, ya sa Likita Kamila ta yi magana da ita, su biyu kawai. Ku kuma kira Tajuddeen, don yana jin nauyinku fiye da nawa, ya tsallako da ita kafin ƙarshen wannan wata. Ɗaki muna da shi, na riga na share.

Idan kun bugo mini kan wannan takarda, ni ma lafiya lau zan ce. Kada ku kai wannan amsar gaban taro.

Allah Ya ƙara girma, Ya sa ku ji.

Taku cikin girmamawa,
Hajiya Ɗelu Ɗambatta