Karenka Gwarzo da Kuɗin Muhami

Zuwa ga Malam, mai gidana, da ke kwance a maƙabartar Baƙi'a ta Madina.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar girma, da fatan Allah ya yalwata maka makwanci. Hadiza 'yarka ce ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na ce kada ta gyara mini magana.

Malam, ka tafi ka bar ni da aiki. Karen nan naka, Gwarzo.

Ka san ni da kare ba ma shiri. Amma a asibiti ka kama hannuna, ba ka yi zancen gida ba, ba ka yi zancen yara ba, sai ka ce, "Kar ki bari a yar da shi a sahara." Na ce to. Da na san abin da ke cikin to ɗin nan, wallahi da na yi shiru.

Bayan rasuwarka mai gonar dabinon Khaibar da kake yi wa aiki ya ɗauki wani ma'aikaci, ya ce mu kwashe kayanka. Awakinka aka sayar. Gwarzo kuwa babban ɗanka ya ɗoro shi a bayan mota har gidanmu na unguwar Aƙiƙ, muka kai shi saman bene. Karen da ya saba da fili! Mota ta wuce, haushi. Mage ta wuce, haushi. Kwano ya lasa, ni ce da wanki bakwai har da ƙasa, da wannan bayan nawa.

Rannan na buɗe wa mai kawo gas ƙofa, sai fit, ya fice. Bai ciji kowa ba, Allah shaida. Ƙofar masallacin unguwa ya je ya zauna ana fitowa La'asar, yana shinshina rigunan mutane. Wani maƙwabci ya kai ƙara baladiyya, hukumar gari. Suka zo, suka ce ina izinin ajiye shi, ina katin allurarsa. Kai ka taɓa yi wa kare kati? Suka rubuta garama, wato tara.

Na ce a biya a huta. Ɗanka ya ce la, la, yumma, zalunci ne, sai mahkama, gaban alƙali. Hausa nake yi masa yana mayar mini da Larabci, in ya ga zan fi shi gaskiya sai ya ƙara sauri. Taurin kan nan dai ka san inda ya gado shi.

Ya samo wani muhami, wato lauya, a Anbariyya, mai ofis da sanyi kamar firji. Kuɗin buɗe fayil kaɗai ya fi garamar. Zama kuɗi, tarjama kuɗi, a ɗage shari'a ma kuɗi. Ni ban yi boko ba, amma ban taɓa jin inda aka biya babba don a tsere wa ƙarami ba.

Saurari wadda ta fi. Ɗanka ya tuna kana cewa addini ya yarda da karen kiwo. To ai babu kiwo, an sayar. Sai ya je kasuwa ya sayo awaki biyu ya hau da su bene, wai don Gwarzo ya koma makiyayi. Ko muhamin bai gaya wa ba. Suka cinye mini mayafi a kan igiya, suka cinye na'ana'ata har saiwa. Da mutumin baladiyya ya dawo dubawa, ya tarar da kare, ya tarar da awaki a tsakiyar unguwa. Garama ta biyu.

A mahkama alƙali bai ko tambayi awaki ba. Kati ya tambaya, babu. Aka ce mu biya duka, kuma kare ya bar unguwa. Aka kuma ce mana in bashin hukuma na kanmu, sabunta igama, takardar zamanmu a ƙasar, sai ya yi wuya. Awarwarona na zinariya da ka saya mini shekarar da aka haifi Hadiza, su suka tafi. Rabi baladiyya, rabi muhami, har yana ce mini mabruk, wai an yi mana sassauci.

Allah ya saka wa Abakar, ɗan Cadin nan da ke gonar da ke jikin taku. Shi ya ce a kawo masa Gwarzo, da awakin duka. Na ce sai na raka shi da kaina, in ga wurin da idona.

Muna tsayawa Gwarzo ya dire. Malam, bai ko waiwaye ni ba. Ni da na ciyar da shi, na shiga mahkama da tsufana saboda shi! Ya kutsa ta shinge ya shiga tsohuwar gonarku, ya zarce gindin dabinon da kake shimfiɗa dardumarka. Ya shinshina, ya zagaya, ya kwanta ya ɗora haɓa a ƙasa yana kallon hanya.

Na zo da faɗa a bakina, sai na rasa shi. Na zauna kusa da shi a ƙasa, ban ko janye zanena ba. Ashe mu biyu ne ke kewarka.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka cikin ceton maƙwabcinka Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Ya shiryar mini da ɗanka. Ya haɗa mu a inda babu rabuwa.

Taka har kullum,
Uwar Hadiza