Sun Yi Fushi da Mai Farar Shadda, Sun Bar Masarata a Ciyawa

Assalamu alaikum Anti Rukayya. Don girman Allah ki ba ni shawara kafin ciyawa ta gama shaƙe mana masara, ni kam kaina ya kulle.

Ni matar aure ce a Maska, 'ya'yana huɗu. A garinmu har gobe ana gayya: maza su taru su nome gonar wannan yau, jibi su koma ta wancan, mai gona ya ba da fura da tuwo, shi ke nan. Maigidana bai taɓa fashi ba. Bana ma shi ne a gaba a gonakin mutane, sai da layi ya kusa zuwa kanmu ya faɗi a babur a hanyar Bakori, ƙafa ta karye. An yi masa ɗori, yana nan kwance, ba abin da yake iyawa sai faɗa da yara.

Ana cikin haka wata ƙungiyar taimakon manoma ta zo daga birni, wai ta zo farfaɗo da gayya. Gayyar da ko suma ba ta yi ba. Shugabansu ya sauko daga wata ƙatuwar mota cikin shadda fara fat, tare da ɗan majalisarmu da rabonmu da shi tun zaɓe, wuyansa har ya yi ninki. Aka miƙa wa shugaban sabuwar fartanya da ledarta, ya duƙa, aka ɗauki hoto, ya miƙe dafe da ƙugu kamar wanda ya yini a gona. Aka yi ta tafi. Direban shugaban kuwa yana zama wurin mai shayi bakinsa ya buɗe. Ya ce albashin maigidansa na wata guda ya isa ya saye masarar da unguwarmu ke nomawa a shekara, ban da kuɗin zama da na tafiya, kuma ranar ma akwai alawus na wahalar zuwa ƙauye. Wahalar zuwa fa, Anti. To mu da muke kwana a ciki wa zai biya mu?

Nan take gari ya ɗauki zafi. Ƙanena Mudi, wanda ko sallar asuba sai an yayyafa masa ruwa, shi ya zama shugaban masu fushi. Suka yanke cewa babu mai sake duƙawa kyauta, tunda ashe aikin taimako biya ake yi, kuma da guminsu ake ɗaukar hoton da ake karɓo kuɗi. Wallahi da na ji sun burge ni, saura kaɗan in rangaɗa guɗa. Sai da na shiga ɗaki na tuna gonar da ke kan layi tamu ce.

Na kira Mudi na roƙe shi, ya ce in yi haƙuri, wannan gwagwarmaya ce. Yana faɗa yana lashe miyar gidana.

Ga inda na tsaya. Wakilin ƙungiyar, wani Zaharaddeen, ya aiko a ce mini za su turo 'yan ƙwadago su yi mana maimai su zuba taki, amma sai na tsaya a bidiyo riƙe da fartanya na ce su ne suka cece mu. Wai kuma in ɗaura tsohon zane, kada in fito da kyau. Maigidana ya ce gara masarar ta mutu. Shi yana da bakin faɗin haka, ba shi yara ke miƙa wa kwano ba. Masarar nan ita ce abincinmu har baɗi, ga shi ganyenta ya fara yin rawaya. In na yarda gari zai ce na sayar da su, in na ƙi ban san me za mu ci ba. Haushin kowa nake ji, har da mai karayar. Yaya zan yi?

Matar Mai Karaya, Maska

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Allah Ya ba maigidanki lafiya.

Fushin samarin garinku yana da dalili. Ba laifi ba ne a biya mai tafiyar da ƙungiya, shi ma yana da iyali, amma wanda ke karɓar kuɗi da sunan manoma dole ya iya faɗin albashinsa a gabansu ba tare da ya sunkuyar da kai ba. In bai iya ba, su tambaye shi a bainar jama'a, su tambayi ɗan majalisa ma. Su hana ɗaukarsu hoto in sun ga dama. Inda suka kauce shi ne yajin nan ba ya taɓa mai shadda ko kaɗan. Albashinsa zai shiga a ƙarshen wata, ko an nome gonarki ko ba a nome ba. Kuma gayya ba aikin kyauta ba ce, kowa nasa layin yake jira, su kuma an riga an nome musu.

Batun bidiyo, kada ki yi shi a bayan idon mijinki, kuma kada ki ɗaura tsohon zane don wani ya ƙara ƙiba. Amma kada ki rufe ƙofar. In komai ya ƙi, ki zauna da maigida ki nuna masa ganyen masarar, ku shaida wa Zaharaddeen za ki faɗi iya abin da suka yi, cikin kayan da kika ga dama. Godiya a kan aikin da aka yi da gaske ba cin amanar gari ba ce.

Kafin nan ki daina roƙon Mudi. Ba ki ambaci mahaifiyarku ba. In tana raye, wurinta za ki, in kuma ta rasu, ki nemi babbar gwaggonku. Ki sa rana, ki aika gida-gida cewa gayyar gidanku tana nan, ki dama fura, ki ɗora tuwo. Da hantsi tsohuwa ta ɗauki fartanya ta bi ta gaban majalisar su Mudi a hankali, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya da sunan uban kowa, ta ce za ta je noman surukinta. Ban san irin mazan Maska ba, amma ban taɓa jin garin da aka bar uwa ta kai bakin gona ita kaɗai ba. Tuwon dai ki yi shi da yawa.

Allah Ya ba ku damina mai albarka, Ya tashi kafaɗun maigida.

Anti Rukayya