Miyar Lemon Tsamin Mama Ta Bar Kasuwa

Multan, ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanina Tauƙir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da Nargis da yara, Allah ya ƙara muku rufin asiri a can ƙasar sanyi. Mu nan kowa lafiya, sai ƙafar Baba da ke ɗan damunsa. Mangwaro ya nuna, gida sai ƙamshi.

Dalilin wasiƙar nan shi ne manhajar da ka matsa a saka a kamfani, mai tattara cinikin duk kantunanmu a allo guda. Ta zauna, kuma ba zan hana ka yabonka ba, tana aiki. Baffa Mubashir yana kiranta sabon manajan da ba ya shan shayi, ba ya zuwa biki. Amma ka san yadda Baba ya saba, da safe ya bi dillalai ɗaya bayan ɗaya a waya, ya tambayi ciniki, ya tambayi iyali. Yanzu kafin ya ɗaga waya amsa tana gabansa. Sai na ga ya rage magana.

Makon jiya allon ya nuna abin da kowa ke zargi amma ba mai iya faɗa: miyar lemon tsami, wadda marigayiya Mama ta haɗa da hannunta aka kafa kamfanin a kanta, ta daina tafiya. Kwalabe na kwana a kantuna daga Lahore har Sukkur. Baffa ya ce a dakatar da ita, yana faɗa yana kallon ƙasa. Ni na zaci Baba zai yi faɗa, ya ce na'ura ba ta da harshe. Bai yi ba. Ya sa tabarau, ya ce in nuna masa gari-gari, ya daɗe yana kallo. Daga baya ya ce ba hannun Mama ne ya canza ba, bakin mutane ne, kuma ita da kanta ba ta taɓa yarda a ajiye wa baƙo abin da ba ya ci ba. Shi ya ba da umarnin dakatar da ita, bayan ya tabbatar an mayar da matan da ke girka ta zuwa sashen miyar tafarnuwa, ba a sallami kowa ba. Ranar bai ci abincin rana ba.

Tauƙir, ba laifinka nake gani ba, gaskiya allon ya faɗa. Sai dai ka kira Baba. Kada ka tambaye shi ciniki, ka tambaye shi yadda suka fara shi da Mama, ka bar shi ya yi ta ba ka labari.

Na ajiye maka kwalba biyu daga girkin ƙarshe. Ba zan aiko ba, sai ka zo da ƙafarka.

Ka gaida Nargis, ka shafa min kan Zoya da Arham. Gwaggo Parwin tana gaishe ka.

Taka yayarka,
Shehnaz