Benen Hashim a Gidan Gado

Dala, cikin birnin Kano.

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Turai, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai sa ɗan'uwansa a ido ba, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da Alhaji da yara da jikoki. An ce mini hawan jinin nan ya sake taso miki da azumi. Allah ya sawwaƙe, ya sa kaffara ne. Mu nan sai godiya. Jummai tana fama da ƙafa, ni ina fama da Jummai, a haka muke turawa. Sadiya ta sauka lafiya, an samu namiji. Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. A waya katse ni kike yi tun ban kai tsakiyar zance ba, maganar da ke tafe da ni kuwa tana son a ji ta har ƙarshe.

Hashim ɗan marigayi ƙaninmu Mamman ya ajiye ƙwallo. Shekara goma sha tara yana tsaron raga, gwiwa ta ce ta gaji, shi ma bai yi mata gardama ba. Ranar Asabar aka yi masa wasan bankwana a wani fili wajen Ƙofar Kabuga, har ni aka ɗora a adaidaita sahu aka kai ni, ni da har yau ban san dalilin da ake busa usur ba. Minti goma ya tsaya a raga. Matasan suna buga masa ƙwallon a hankali don ya kama, kowa ya gani, shi ma ya gani, yana kamawa ana ihu ana kiransa Katangar Dala. Wasu masu gemu suka zo suna ce mini shi ya koya musu kamu, shi ya saya musu takalmin farko. Aka ba shi kofi da shadda turmi ɗaya. Da yamma wani mai surutu a rediyo ya ce kuɗin da Hashim ya tara a ƙwallo jikokinsa ma ba za su ga ƙarshensu ba. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Ni na san inda kuɗin suka shiga, don ta hannuna yawancinsu suka bi. Shekarun da ya yi a gida, abin da ake ba shi bai wuce na abinci da man shafawa ba. A Sudan ya yi huɗu, aka riƙe masa albashin shekarar ƙarshe har yau. Shekaru shida na ƙasar Larabawa su ne ya ga kuɗi. Da su ya kai mahaifiyarsa Makka, ya kai ni, ya kai Jummai. Ya aurar da ƙannensa mata uku da kayan ɗakin da har yanzu ake zancensu. Ya haƙa burtsatsen ƙofar gida da duk lungun nan ke sha. An yi masa aiki a gwiwa sau biyu. Abin da ya rage duka yana jikin benen da ya gina a bayan gidan Baba, kuma a nan maganata take.

Ki tuna shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin da kika zo bikin Ruƙayya. Hashim ya zo hutu da niyyar sayen fili a bayan Kabuga, ya je ya gani, takardu sun cika. Ni na hana shi. Na ce ba zai yiwu Allah ya buɗa masa ya tsallake ganuwa ya bar gidan kakansa yana zubewa ba, mutane za su ce ya samu duniya ya guje mu. Na nuna masa kangon baya, inda turken awaki yake da, na ce ya gina a nan. Muka taru a zaure bayan la'asar, ni da marigayi ƙaninmu Sani da ke da Malam Liman, aka ce kangon ya zama nasa, aka raba goro, aka shafa Fatiha, yadda muka ga Baba yana yi. Hashim ya tambaya a hankali ko za a rubuta. Na taso masa, na ce ko ya ɗauka mu ma masu ƙungiyar ƙwallo ne da sai an sa hannu kafin a yarda da juna. Mutumin da bai taɓa taka filin ƙwallo ba sai da takardar yarjejeniya a aljihu, ya sunkuyar da kai ya ba ni haƙuri. Har na ji daɗi a ranar, na ce yaron yana da tarbiyya.

To, Sani ya rasu, Liman ya rasu, gidan kuma kin san ba a taɓa raba shi ba. Yanzu Yasir ɗan Sani da 'yan'uwansa sun ce a raba. Wani ɗan kasuwa yana son gidan gaba ɗaya ya rushe ya yi ɗakunan ajiyar kaya, ya sa kuɗi mai kauri, kuma saboda benen ne kuɗin ya yi kauri. Yasir ya ce shi bai ci goron kowa ba, gini a gidan gado na magada ne duka. Ba zan ce mugu ne ba. 'Ya'ya bakwai gare shi a ɗaki biyu, ɗinkin ma ya ja baya, ga shi ya ji rediyo kamar kowa. A gabana ya ce wanda ya kama ƙwallo aka biya shi da dala ai ba zai tsaya rigima a kan bulo ba. Hashim kuwa yana zaune a wurin. Ba zai iya buɗe baki ya ce ba shi da komai ba, bayan ihun da aka yi masa ranar Asabar. Idan aka sayar, abin da zai faɗo masa bayan an raba da mahaifiyarsa da ƙannensa ba zai kama masa ɗaki biyu a Kurna ba, ga mata ga 'ya'ya huɗu.

Mun je gaban mai unguwa. Na faɗi abin da aka yi, Yasir ya ce dama kowa ya san Hashim ɗan gaban goshina ne, wanda ya kai mutum Makka ai ba zai rasa shaida ba.  Amma da bakinsa ya ce idan Gwaggo Turai ta ce an yi haka a gabanta, ya yarda a cire benen daga rabo, don ita ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Mai unguwa ya ba mu zuwa bayan Babbar Sallah, in ba a daidaita ba sai gaban alƙali, can kuwa za a tambayi takardar da na hana a rubuta.

Ba zan ɓoye miki ba, Hajiya, maganar za ta ci miki. In aka cire benen, mai sayen zai iya fasawa, in ma bai fasa ba rabonki ba zai kai rabin abin da Yasir ya faɗa miki ba. Na san kin sa rai da shi saboda karatun Umair da aikin idonki. Ni na riga na ce na bar wa Hashim nawa, amma nawa ba zai tsayar da bene ba. Ban ce ki yafe komai ba. Abin da idonki ya gani a zauren nan kawai nake so ki faɗa wa mai unguwa, a waya ma ya ce ya isa. Idan kuwa kin manta, shekaru sun ja, kada ki tuna don ni. Ki fara sanar da ni kafin kowa, don ni na hana shi rubutawa, ni ya kamata in hau benen nan in gaya masa ya fara neman haya.

Ki gaida Alhaji da kyau, ki ce ina tambayar ciwon bayansa. Ki gaida Umair da Nana Khadija. Jummai tana gaishe ki, ta ce man kaɗen da kika aiko ya ƙare tuntuni. Sadiya da Ruƙayya suna gaisuwa. Hashim bai gaishe ki ba, don bai san na rubuto ba, kuma in ya sani ba zai ji daɗi ba.

Yayanki da ke jiran amsa,
Nata'ala.